Ruwan Baba

A shekarun da injin ban ruwa ya cika fadamun ƙasarmu, babu manomin albasa ko tattasai tsakanin Disina da Katagum da bai san ni ba. Injiniya suke ce mini, ni da ko firamare ban ƙarasa ba, kuma wallahi da ƙarfi nake amsawa. Aikina haƙa ƙaramar burtsatse, irin wadda ba a kawo mata babbar mota. Mu huɗu ne, da inji ɗaya, da mesa, da bututan ƙarfe. Mu tona rami mu cika shi da ruwa, inji ya tura ruwan cikin bututu, mu kuma mu riƙa ɗaga bututun muna saki muna murɗawa, ruwa yana fito da ƙasa ta gefe. Ni ne mai tara hannu a bakin ramin. In na murza abin da ya fito na ji laka, in ce a ci gaba. In na ji yashi mai tsakuwa, in ce a tsaya, an iso. Kafin azahar mun zura bututun roba da muka tsattsaga gindinsa da zarto, manomi ya ɗaura injinsa, ruwa ya feso.

Zaɓen wuri kuwa ba na shawara da kowa. Da rani nake duba ƙasa. Inda na ga itace ya yi shar alhali na kusa da shi sun yi yaushi, nan ruwa yake kusa. Wani tsohon mahaƙi ne ya koya mini haka, kuma a fadama abin bai taɓa ba ni kunya ba.

Shekara shida ina zaune a Disina da iyalina. Da mahaifinmu ya rasu na kwaso matata da 'yarmu tilo, mai shekara uku da 'yan watanni, muka dawo gidanmu na Katagum don kada Inna, mahaifiyata, ta zauna ita kaɗai. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama hira da ni. "Kai wannan" shi ne sunana a bakinta, shi ma tana faɗa tana kallon wani wuri.

Ruwan unguwarmu abin takaici ne. Rijiya ɗaya ce, baki buɗe, kowa da gugansa, da bazara kuwa sai taɓo. Rannan matata ta ajiye mini kofi a gaba, ruwan ciki kamar kunu, ta ce, "Injiniya, ga ruwa. Albasar mutane na shan mai kyau, 'yarka na shan wannan." Ta juya ta tafi abinta. Maganar nan ta ci ni.

Washegari na hau motar Azare. Akwai wani ɗan kudu mai shagon kayan famfo a kasuwa, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu, wurinsa nake sayen kayan aiki. Na ce ya ba ni kan famfon tuƙa-tuƙa, irin wanda ake bugawa da hannu.

Ya ce, "Oga Injiniya, wannan na sha ne ke nan?"

Na ce, "Na gidana ne."

Ya ce, "To ka yi nesa da masai. Kuma ka zuba siminti a wuyan bututun ya sauka ƙasa sosai, kada ruwan sama ya bi jikinsa. Ruwan sha ba ruwan albasa ba ne."

Raina ya ɓaci. Mai sayar da bututu ne zai koya mini haƙa? Na ce, "Kai dai ɗaure mini kaya, mota za ta tashi." Ya yi dariya ya ɗaure.

Ba wai na yi watsi da maganarsa gaba ɗaya ba. Na duba inda masai yake a gidanmu, can kusurwar yamma bayan ɗakuna, na juya masa baya na nufi gabas. A kusurwar gabas kuwa akwai gwandar Inna. Ban bar ta a gidan ba lokacin da na tafi Disina, dawowa na yi na tarar da ita. Tsakiyar bazara ce, darbejiyar ƙofar gida ma ta yi yaushi, amma gwandar nan ganyenta kamar faifai, 'ya'ya sun yi cincirindo a wuyanta. Na dube ta na ce, to, ga ruwa yana kirana. Inna ba ta nan, ta tafi Gololo wurin ƙanwata da ta haihu, haihuwar ta zo da wahala, zaman ya yi tsawo.

Ranar aiki muna tsaka da kafa bututu sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, ta shigo ɗiban wuta. Ta tsaya da kaskonta a hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, a gindin gwandar za ka haƙa?"

Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, ba zan taɓa mata gwanda ba."

Ta ce, "A'a, da dai ka jira uwarka ta dawo, don wurin nan..."

Inji na ruri, rana ta take, abokan aikina uku sun zuba mini ido. Na ɗaga murya na ce, "Haba Iya! Na taɓa shiga madafinki na koya miki tuƙa tuwo? To mu ma a bar mana namu." Ta dube ni, ta dubi baƙin mazan nan, ta ja mayafinta ta fita. Ko wutar ba ta ɗiba ba.

Ƙasar sama ta fito baƙa wuluk, da ɗan wari. Ɗaya daga cikin abokan aikina ya yamutsa fuska, na ce taki ne, tsofaffi ai ba su da wurin zuba toka da shara sai gindin itace. A zurfin gaba huɗu muka sami yashi. Na yi daɓen siminti a sama ya yi sumul, amma ban zura shi wuyan bututu ba, don a fadama ba ma yi. Kafin la'asar ruwa ya fito. Muka yi ta bugawa har ya washe, garau, da sanyi kamar na randa. Na tara kofi na miƙa wa 'yata. Ta shanye, ta goge baki da bayan hannu, ta ce, "Ruwan Baba!"

Shi ke nan suna ya bi shi. Tun daga ranar ba ta shan na randa, ba ta shan na gidan kowa. Sai ta je ta rataye a hannun famfo, ƙafafu na reto, har a buga mata. Ni kuwa ina zuga ta. In ce, "Na wa ya fi daɗi?" ta ce, "Na Baba!" Matan maƙwabta biyu ko uku suka fara zuwa ɗiba. Tsohuwar nan ba ta taɓa aikowa ba, na ce a raina hassada ce.

Sai damina ta faɗi. Ruwa uku masu ƙarfi a mako guda, kogi ya fara cikowa, tsakar gida ta jiƙe sharkaf. Ni da matata muka ɗan yi ciwon ciki, muka ce sabon ruwa ne da ɗanyen mangwaro. Wata Talata da hantsi 'yata ta fara gudawa. Kafin azahar amai ya haɗu. Kafin la'asar ta daina tsayuwa da ƙafarta, idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye. Yarinyar da ko ɗaurin ɗankwali ba ta tsayawa a yi mata, ga ta a shimfiɗe kan tabarma, ƙuda na sauka a leɓenta ba ta kora. Muka ruga ɗakin shan magani na gari. Ma'aikacin ya tsunkuli fatar cikinta ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Bai kalle ni ba ya ce, "Ku tafi Azare. Yanzu."

Muka biya gida. Matata na kwasar zannuwa, ni kuma na ɗauko jarka rawaya na buga ta ta cika daga famfona. Na san irin ruwan da 'yan garuwa ke turawa a birni, na ce 'yata ba za ta sha wannan ƙazantar ba. Na sa jarkar tsakanin ƙafafuna a mota, na riƙe ta da kyau kada ta tuntsure.

Wannan hanya ba zan manta da ita ba. Kan yarinyar na lilo a kafaɗar uwarta, duk ramin da mota ta faɗa sai in ga kamar wuyan zai karye. Ina ta kai yatsana hancinta. Direba ya rage gudu zai ɗauki fasinja, na daka masa tsawar da sai da mata suka yi salati. Na ce in ya tsaya wallahi sai na jefar da shi na ja motar, ni da ban iya tuƙi ba. Bawan Allah ya taka mota.

A asibiti jijiya ta ɓuya. Suka soka nan, suka soka can, ba ta ko motsa ba, kuma rashin motsin ya fi kukan tayar mini da hankali. Da ƙyar suka samu a ƙafa aka ɗaura ƙarin ruwa. Leda biyu ta shiga sannan ta buɗe ido. Wata nas, babbar mace mai tabarau, ta kawo garin gishiri da sukari ta ce a riƙa damawa ana ba ta kaɗan-kaɗan. Ta nuna jarkar da ke ƙarƙashin gado ta ce, "Wane ruwa ne wannan?"

Na ce, "Na burtsatse ne. Ni na haƙa da hannuna."

Ta ce, "To madalla," ta wuce gado na gaba. Ba laifinta ba ne. A lokacin in ka ce burtsatse ka gama magana.

Yarinyar kuwa ba ta buɗe baki sai an nuna mata jarkar an ce, "Ga ruwan Baba." Haka muka yi ta ba ta. Da safe ta ɗan farfaɗo har ta riƙe mini yatsa, da yamma abu ya dawo sabo. Kwana biyu ana haka. A rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta. Nas ta tsaya a kanta ta daɗe, tana duba takarda tana duba ta. Da safiyar nan aka naɗe yaron da ke gadon kusa da mu a tabarma aka fita da shi, ubansa na biye da takalman yaron a hannu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba. Na kasa zama a ɗakin, na fita na tsuguna gindin wata bishiya a ƙofar ɗakin yara.

A nan Inna ta same ni da hantsi. Saƙo ya kai mata Gololo, ta biyo motar farko, da ƙullin kaya a ka. Na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙofa, ta ce, "Me ta ci?"

Na ce, "Ba mu sani ba, Inna. Ba dai ruwa ba ne, don na haƙa mana burtsatse a gida bayan tafiyarki. Ruwanmu garau yake." Ina so ne kawai in faɗa mata abu ɗaya mai daɗi.

Ta ce, "A ina?"

Na ce, "Gabas. Gindin gwandarki."

Inna ta sauke ƙullin nan ta ajiye a ƙasa. Ta juyo ta dube ni tsakiyar ido. Sannan ta kira sunana, sunan da tun da ta haife ni ban taɓa ji a bakinta ba.

Ta ce, "Masai ne a wurin. Shekara biyu ke nan da ya cika, mahaifinka ya rufe shi da ƙasa ya haƙa na yamma, ni kuma na dasa gwanda a kai kamar yadda ake yi. Wa ya ce maka gwanda na yin haka a banza?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san wannan al'ada. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san in masai ya cika a kan rufe shi a dasa gwanda ko lemo a kai. Amma shekara da shekaru ina karanta itace a fadama, inda babu gida babu masai, har idona ya manta da yadda ake duba cikin gida. Baƙar ƙasar nan ta faɗo mini a rai, da warin, da tsohuwar da na kora da kaskonta. Yaya za ta ambaci masai na gidan ƙawarta a gaban baƙin maza? Jira take in yi shiru in matso, ni kuwa na zage ta.

Sai na tuna da jarka.

Ban san lokacin da na tashi ba. Takalmi ɗaya ya fita na bar shi. Na bangaje wani mai ɗauke da kwano a baranda, na faɗa ɗakin yara. Matata na zaune a gefen gado, ta tallafo kan yarinyar da hannun hagu, kofi na bakinta. Na kai wa kofin duka. Ya yi sama ya bugi bango, ruwa ya watsu a kan gadon wasu, mata suka ɗau salati.

Matata ta ce, "Malam! Lafiya? Ka haukace ne?"

Na janyo jarkar daga ƙarƙashin gado na fita da ita na juye a kwata, har saura kaɗan da ya rage a gindi na girgiza na zubar. Ina jin muryar 'yata daga ciki, siririya kamar ta kyanwa, tana cewa, "Ruwan Baba, ruwan Baba."

Na koma na tsaya gaban nas, ƙafa ɗaya ba takalmi, na faɗa mata komai a gaban matata da Inna da duk matan ɗakin. Na so ta zage ni, da na fi jin sauƙi. Ta cire tabaranta ta ce, "Tun yaushe kuke ba ta?"

Na ce, "Tun ranar da muka zo."

Ta mayar da tabarau ta tafi kiran likita. Ya zo ya duba, ya canza magani, ya ƙara wata leda. Na tare shi a ƙofa na ce, "Likita, za ta tashi?" Ya ce, "Jikinta ya yi rauni ƙwarai. Ka yi addu'a." Daga nan na ruga tasha na sami wani direban garinmu, na roƙe shi don Allah da Annabi in ya isa ya je gidanmu ya kwance hannun famfon, ya gaya wa maƙwabta kada wanda ya ƙara sha. Ya ce me ya faru, na ce Injiniya ne ya haƙa rijiya a kan masai, ya faɗa wa kowa haka.

Da na dawo wata masifar ta taso. An kawo tafasasshen ruwa an dama maganin, yarinya ta datse haƙora. A ɗura ta furzar. Nas ta ce ledar kaɗai ba za ta isa ba, dole ta sha, gudawar na kwashe abin da ake ƙara mata. Uwarta ta lallaɓa, Inna ta lallaɓa, ita kuwa idonta na ƙarƙashin gado inda jarka take da. Ni na koya mata haka, da bakina, kullum a gindin famfo. Na shiga masallacin asibiti sallar azahar, na kasa sanin raka'a nawa na yi, na sake, na sake rikicewa. Abin da nake ta maimaitawa kawai shi ne, ya Allah kada ka karɓe ta ta hannuna.

Inna ce ta ce, "Kai wannan, je ka sayo wata jarkar irin waccan."

Na shiga kasuwa na yi ta zagaye har na sami rawaya mai jan murfi. Na bi ta wata hanyar don kada in wuce ta shagon ɗan kudun nan. Aka wanke ta da ruwan zafi aka cika da tafasasshen ruwa. Na ɗauko ta a kafaɗa na shiga ɗakin da ita yadda za ta gani, na ajiye da ƙarfi, na ce, "Ga ruwan Baba ya zo!" Ta dubi jarkar, ta dube ni, ta buɗe baki. Cokali ɗaya. Muka jira. Bai dawo ba. Cokali na biyu.

Kwana biyu muna ƙirga cokali. Duk lokacin da ta rufe ido sai in tsura wa ƙirjinta ido in ga ko yana ɗagawa. Matata ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma yi mini magana ba. Sau ɗaya kawai, tana wanke zani a bakin famfon asibiti na je miƙa mata sabulu, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da hannuna na riƙa ba ta." Har yau wannan magana ba ta bar ni ba.

A rana ta shida da safe yarinyar ta yi fitsari, ya jiƙa zanin uwarta. Nas ta zo ta gani ta ce, "Alhamdu lillahi." Ban taɓa tsammanin fitsari zai sa ni kuka ba, amma na fita baranda na yi shi, sosai, a gaban mutane. Da azahar ta ce za ta sha koko.

Na riga su komawa Katagum da kwana biyu. Allah ya tsare, a maƙwabta babu wanda ya kwanta kamar ta. Na zare bututun ni kaɗai, na cika ramin da siminti har baki. Sannan na shiga gidan tsohuwar nan na durƙusa. Ta ce ta yi zaton mai sana'a ya san abin da bututunsa ke wucewa, shi ya sa ta ja bakinta. Ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta ba ni goro.

Ranar da suka dawo, da la'asar, uwarta ta sauke ta daga goyo a tsakar gida. Ta rame, ƙafafun kamar karan dawa, riga na yawo a jikinta. Ba ta nufi ɗaki ba. Ta bi bango tana dafawa, a hankali, har kusurwar gabas. Ta tsaya a kan daɓen simintin tana ɗaga hannu sama, inda hannun famfo yake da. Ta juyo ta ce, "Baba, ina ruwanka?"

Na ce, "Ya ƙare."

Ta ce, "To ka haƙo wani. Na asibiti ba naka ba ne, na sani. Naka ya fi daɗi."

Inna ce ta zo ta ɗauke ta daga gindin gwandar, ta kai ta bakin murhu, inda tukunyar ruwa ke tafasa.